Kundin Tafiya Wata: Yadda Nake Farautar Sauti, Hoto da Bidiyo a Intanet

3 ga Maris

Yau na fara. Abin da na sa a gaba shi ne bidiyo na minti ashirin, da muryata a kai, wanda zai ba yara 'yan shekara goma zuwa goma sha biyu labarin saukar kumbon Apollo 11 a duniyar wata a shekarar 1969. Rubutun labarin ya kusa kammala. Kayan da za su raka shi ne babu: hotuna kamar talatin, guntayen bidiyo goma, muryoyin 'yan sama jannatin na ainihi, sai kuma shirye-shiryen fodkas guda biyu ko uku da zan saurara don kada in faɗa wa yara abin da ban fahimta ba.

Doka ɗaya na kafa wa kaina. Duk fayil ɗin da zai shiga aikin sai na san inda ya fito, wanda ya ɗauke shi, da ko an yarda a yi amfani da shi. Na buɗe jadawali mai gida biyar don wannan. Na ba kaina mako biyu.

4 ga Maris

Na rubuta sunan kumbon a sashen hotuna na Google, na yi ta saukewa har wuyana ya ƙage. Hoto 86 a zama ɗaya. Ban cika jadawalin ba, na ce sai gobe.

6 ga Maris

An yi mini wankin babban bargo, kuma a cikin gida. Na jera hotunan a allo ina nuna wa ƙanwata, ina jiran yabo, sai ta ɗora yatsa a kan wani ta ce, "Yaya, ba kai ka ce mini da ƙafa suka yi yawo ba, ko awa uku ba su cika a waje ba? To wannan motar ta waye?"

Na duba. Ga mota nan ƙuru-ƙuru a bayan mutumin, da tayoyinta na saƙar waya. Motar wata kuwa ba a kai ta can ba sai a tafiyar Apollo 15 a 1971, daga nan sai 16 da 17 a 1972. Neil Armstrong da Buzz Aldrin, mutum biyun da suka taka wata a Apollo 11, ba su da ita. Amma shafin da na ɗauko hoton ya rubuta Apollo 11 a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe, ni kuma na haɗiye.

Na kwana ina tunanin yadda aka yi injin bincike ya kawo mini shi, kuma amsar ta fi abin da na zata sauƙi. Idan ka rubuta kalma kana neman hoto, mafi yawan abin da injin ke dogara da shi rubutu ne: sunan fayil ɗin, bayanin da mai shafi ya liƙa wa hoton, taken shafin, da kalmomin da ke kewaye da shi. Idan mai shafi ya yi kuskure, injin zai ɗauko kuskuren ya miƙo maka cikin ladabi. Idan shafuka ɗari suka kwafi kuskuren, sai ya ƙara hawowa sama. Ana cewa gani ya kori ji, to a nan abin da nake gani ma jita-jita ce, an dai sa mata launi.

Da na koma kan hotunan da sabon ido, sai na sake tsintar wasu. Akwai guda huɗu da ɗan sama jannatin ke da jan layi a hannun riga da gwiwa. Wannan alamar kwamanda ce da aka fito da ita daga baya, domin a tafiyoyin farko an sha wahalar bambance mutanen biyu a hoto. A Apollo 11 babu ta. Waɗannan ma sun fita.

Na goge folda ɗin baki ɗaya. Kwana biyu sun tafi a banza.

8 ga Maris

Yau na koyi binciken da ake yi da hoton kansa maimakon kalma. Kana ɗora hoton, injin ya nemo maka inda ya bayyana. Na gwada guda biyu, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Google Lens yana ƙoƙarin gane abin da ke cikin hoton, ya kawo maka makamantansa, wanda ke da amfani idan ba ka san abin da kake kallo ba. TinEye, wanda wani kamfani a Toronto ta Kanada ya buɗe a 2008, ba ruwansa da kama. Wannan hoton yake nema, ko an yanke shi, ko an rage girmansa, ko an sauya masa launi. Abin da ya fi burge ni shi ne yana bari ka jera sakamako daga mafi daɗewa, ko daga mafi girma. Amma a kula: mafi daɗewa a wurinsa na nufin ranar da shi ya fara cin karo da hoton, ba ranar da aka ɗauke shi ba. Hoton 1969 ne, intanet ɗin ma ba a haife ta ba a yadda muka san ta.

Ta wannan hanya na gano abin da ya kamata in fara da shi tun ranar farko. Kowane hoton da 'yan sama jannatin suka ɗauka yana da lamba. Shahararren hoton nan na Aldrin yana tsaye, ana hango Armstrong a gilashin hularsa, lambarsa AS11-40-5903. Kashin farko sunan tafiyar, 40 lambar kwalin fim, sauran kuma lambar hoton a jere. Idan ka sa wannan lamba tsakanin alamomin zance ka bincika, tarkace na raguwa sosai, domin masu kwafe-kwafe ba sa wahalar da kansu su rubuta lamba. Masu rubuta ta su ne waɗanda suka san abin da ke hannunsu.

Wani abin mamaki a hoton nan: asalinsa kan Aldrin ya kusa taɓa gefen sama, kamar mai ɗaukar ya ɗan karkatar da kyamara. Wanda duniya ta sani an ƙara masa baƙin sama a bisa don ya zauna daidai. Zan sa na asalin, in gaya wa yaran dalili. Haka kuma na fahimci abin da ya sa na kasa samun kyakkyawan hoton Armstrong a kan wata: kyamarar Hasselblad ɗin a hannunsa ta fi daɗewa, saboda haka kusan duk wanda ka gani a hoto Aldrin ne. Har sawun takalmin nan da ake yawo da shi a matsayin takun farko, na Aldrin ne.

9 ga Maris

Hoto 14 daga rumbun hotuna na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kowanne da lambarsa. Na cika jadawali nan take, kafin in rufe shafin.

10 ga Maris

Wasu 9 daga Project Apollo Archive da ke shafin hotuna na Flickr, inda aka ɗora hotunan tafiyoyin sama da 8,400 a 2015. Har waɗanda suka lalace suna ciki, masu duhu da waɗanda hannu ya girgiza. Na ɓata awa guda ina kallon su kawai.

13 ga Maris

Ranar lasisi. Ba daɗi, amma dole.

Kayan NASA da sauƙi, domin a dokar Amurka abin da ma'aikatan gwamnatin tarayya suka samar a bakin aiki ba ya ƙarƙashin haƙƙin mallaka. Sai dai tambarin hukumar yana da nasa ƙa'idoji, ba a liƙa shi yadda aka ga dama, kuma ba a nuna kamar hukumar ce ta amince da aikinka. Bayan haka, ba duk abin da ke shafinsu ne nasu ba. Wani hoton za ka ga sunan wani kamfani ko mai ɗaukar hoto a ƙasa, wannan yana da mai shi.

Inda na fi shan wahala shi ne hotunan da ba na hukumar ba, kamar na kayan tarihi da mutane suka ɗauka a gidajen adana kayan tarihi. A nan ne lasisin Creative Commons ya shigo, wanda aka fara fitarwa a ƙarshen 2002. Haruffa ne ke bayyana sharaɗin. BY na nufin ka ambaci mai shi. SA na nufin abin da ka haɗa da shi ma ka sake shi da irin wannan lasisin. NC ba a neman kuɗi da shi. ND ba a sauya shi. CC0 kuma mai shi ya sallama gaba ɗaya. Na yanke shawarar tsayawa a kan CC0 da BY kaɗai. Ba na neman kuɗi da bidiyon, amma ban san inda zai kai nan da shekara biyu ba, kuma ba na son wata rana in zauna ina kwance aikin da na gama saboda hoto ɗaya. ND kuwa ba ma za ta yi ba, tunda ina yanke hotuna ina rubutu a kansu.

Openverse ya rage mini aiki. Shi ne tsohon injin binciken Creative Commons da ya koma hannun WordPress a 2021, yana tattaro hotuna da sauti daga wurare kamar Flickr da Wikimedia Commons, kuma kana iya tace sakamako da nau'in lasisi. Duk da haka ina bin kowane hoto zuwa shafinsa na asali. Matatar lasisi, ko ta wane inji ce, abin da mai ɗorawa ya faɗa take maimaitawa. Na ga wani ya ɗora hoton da ke ɗauke da tambarin wani kamfanin dillancin hotuna ɓaro-ɓaro a tsakiyarsa, ya kuma rubuta cewa ya sallama wa kowa. Kyauta da kayan wani ke nan.

Mako biyun da na ɗiba sun kusa ƙarewa, ban taɓa sauti ba.

16 ga Maris

Sauti ya fi hoto wuyar nema nesa ba kusa ba, kuma yau na gane dalili a jikina. Hoto ɗari kana iya share su da ido cikin daƙiƙa goma ka zaɓi wanda kake so. Sauti ɗari sai ka saurare su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ci lokacinsa. Babu gajeriyar hanya ga kunne.

Na fara da dabarar da ke mini aiki wajen neman takardu, wato rubuta filetype: da nau'in fayil. Ga pdf tana yi, ga mp3 ba ta kawo abin kirki ba, domin an gina ta ne don fayilolin da injin ke iya karanta rubutun cikinsu. Wadda ta yi amfani ita ce site: da ke tsare bincike a shafi ɗaya. Na tsare shi a Internet Archive, rumbun da Brewster Kahle ya kafa a 1996, sai ga faifan maganganun tafiyar nan jibge. Matsalar ita ce tsawonsu. Tafiyar ta ɗauki kwana takwas, daga 16 zuwa 24 ga Yuli, ni kuma daƙiƙa arba'in nake nema a ciki.

Abin da ya cece ni rubutu ne, kamar kullum. Akwai Apollo Lunar Surface Journal, inda aka rubuta abin da aka faɗa tun daga sauka har barin wata, kowace magana da lokacinta, ana ƙirgawa daga sa'ar da kumbon ya tashi. A nan na ga saukar ta faru a awa ta 102 da minti 45, takun farko kuma a awa ta 109 da minti 24. Da waɗannan lambobi na je shafin Apollo in Real Time, wanda ya jera sauti da hoto da bidiyo a kan agogon tafiyar, na tsallaka kai tsaye zuwa wurin. Abin da na yi yini guda ina lalube a duhu, minti biyar ya ɗauka da na samu lambar.

Na lura da wani abu da zai rikita yara idan ban yi bayani ba. Wasu shafuka na cewa an taka wata ranar 20 ga Yuli, wasu 21. Duka gaskiya ne. A agogon GMT saukar ta kasance da ƙarfe 8:17 na daren 20, takun farko kuma da ƙarfe 2:56 na daren da ya shiga 21, alhali a Amurka ranar 20 ba ta ƙare ba.

17 ga Maris

Yanka sauti a manhajar Audacity. Guntaye shida. Babu labari.

20 ga Maris

Ƙanwata ta saurari guntayen ta ce, "Yaya, wannan ƙarar tsit-tsit ɗin fa? Ka cire ta mana, kamar faifan ya lalace." Saura kaɗan in cire, har na zaɓi wurin. Sai na ce bari in tambaya tukuna. Na rasa ma da wace kalma zan nemi ƙara. Na gwada manhajar Shazam don neman sa'a, ba ta ce komai ba, kuma daidai ne: ita tana ɗaukar wani irin zanen yatsa na sauti ne ta gwada shi da na waƙoƙin da ke rumbunta, abin da ba ya rumbun ba ta san shi ba. Daga ƙarshe bayani na rubuta da kalmomi, ƙara kafin magana da bayan magana a rediyon 'yan sama jannati, sai amsa ta fito. Sunanta ƙarar Quindar. Ita ce ke kunna na'urorin aika saƙo na tashoshin ƙasa idan mai magana daga cibiyar Houston ya danna maɓalli, ta kuma kashe su idan ya saki. Ta farko tana kan 2,525 a ma'aunin hertz, ta biyu 2,475. Wato duk inda ka ji ta, daga ƙasa ake magana. Da na cire ta da na zubar da wani abu da yara za su ji daɗin sani. Yanzu ta samu nata minti guda a cikin bidiyon.

Na kuma buɗe asusu a Freesound, rumbun sautuka da wata jami'a a Basalona ta Sifaniya ta fara a 2005, don neman ƙarar iska da ta agogo da zan sa tsakanin sassa. A nan ma kalmomin da mai ɗorawa ya liƙa su ne komai. Na samu guda uku masu CC0.

24 ga Maris

Bidiyo, da faɗuwa ta biyu. Wannan karon babu wanda ya kama ni, ni na kama kaina, abin da ya ɗan sanyaya mini rai.

Na samu wani guntu mai kyau ƙwarai, mai launi: kumbon yana tashi daga doron wata, tarkace na watsuwa, kyamara na bin sa sama. An rubuta Apollo 11 a take. Na sauke, na sa shi a jerin aiki, har na fara rubuta abin da zan faɗa a kansa. Ina cikin rubutu sai tambaya ta faɗo mini: mutum biyu ne suka sauka, su biyun kuma suna cikin kumbon da ke tashi, na ukunsu Michael Collins yana can sama yana kewaya wata. To wa ke riƙe da kyamarar, har yana ɗaga ta?

Bidiyo ba a ɗora shi gaba ɗaya a binciken hoto, sai an tsinka shi. Na tsayar da shi a wurare biyar, na ɗauki hoton allo, na bincika kowanne. Akwai ƙarin manhaja mai suna InVID da ake liƙa wa burauza, wadda 'yan jarida ke amfani da ita, tana yin wannan tsinkawa da kanta, amma na yi da hannu don in ga yadda abin yake. Hoto na uku ya kai ni ga asali. Apollo 17 ne, Disamban 1972. Kyamarar tana kan motar da suka bari, wani injiniya kuma yana juya ta daga Houston, yana aika umarni tun kafin lokaci saboda jinkirin da saƙo ke yi a hanya. Labari ne mai daɗi, amma ba nawa ba ne.

Akwai wani guntun kuma da aka sa wa ƙarar taku, ƙaras-ƙaras kamar ana tafiya a kan tsakuwa. Wata ba shi da iskar da za ta ɗauki sauti. Wani ne ya zauna a ɗakinsa ya ƙara. Na watsar.

Yanzu ina da abin aunawa. Hoton talabijin na yawon Apollo 11 baƙi da fari ne, dishi-dishi. Mai launi da ake da shi na wannan yawo daga kyamarar fim ce mai milimita 16 da aka kafa a tagar kumbon, saboda haka daga sama take kallo, daga wuri ɗaya. Duk bidiyon da ya saɓa wa waɗannan biyun, sai ya kawo shaida.

25 ga Maris

Lissafin abin da aikin ya ci zuwa yau: awa 41 bisa ga abin da na rubuta, data kusan gigabait 19, mafi yawanta a bidiyon da na sauke na kuma goge. Daga yau ba na sauke babban kwafi sai na tabbatar da asalinsa a ƙarami. Sautin ma yana cin wuri: minti ɗaya na WAV mai ingancin faifan CD ya kai megabait 10, na mp3 mai kilobit 128 a daƙiƙa bai cika megabait ɗaya ba. Ina aiki da WAV, ina ajiye sauran a mp3.

29 ga Maris

Kwana uku ina neman kwafin yawon da ya fi wanda nake da shi haske, ina zargin kaina da rashin iya bincike. Ashe abin da nake nema babu shi. Kyamarar da ke wata tana aiko hoto 10 a daƙiƙa, a tsarin da gidajen talabijin ba sa iya watsawa. Tashoshin da suka karɓi saƙon su ne Goldstone a Kalifoniya da Honeysuckle Creek da Parkes a Ostireliya, amma sai da aka juya shi kafin ya isa ga jama'a, kuma a wajen juyawar ya rasa kaifi. Kaset-kaset ɗin da aka naɗi saƙon na asali a kansu, NASA ta bayyana a 2009 cewa bisa dukkan alamu an goge su an sake naɗar wani abu a kai. Abin da ake da shi mafi kyau shi ne wanda aka gyara a wannan shekarar daga kwafin da aka watsa. Shi na ɗauka.

Akwai waɗanda aka wanke da manhajojin zamani, sun fito tas kamar jiya aka ɗauka. Ba zan sa su ba. Manhajar ba ta dawo da abin da ya ɓace, cike gurbi take yi da abin da ta zata.

1 ga Afrilu

Ban taɓa aikin ba. Ido na ciwo.

3 ga Afrilu

Fodkas. Na ɗauka wannan ne zai fi sauƙi, ya kuma zo da nasa salon.

Binciken da ke cikin manhajar sauraro ya fi karkata ga sunan shiri. Ni kuwa ba shiri nake nema ba, kashi nake nema, wanda aka yi maganar ƙararrawar da kwamfutar kumbon ta yi ta bugawa ana cikin sauka, mai lamba 1202. Listen Notes, injin binciken fodkas, ya fi dacewa da wannan, domin yana bari ka zaɓi ko shiri kake nema ko kashi ɗaya, yana kuma duba bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane kashi. Lambar nan ta sake yi mini rana. Kalma kamar wata ko kumbo tana jawo dubbai, 1202 kuwa ba ta da abokan tarayya da yawa. Ta nan na isa ga shirin da Sashen Duniya na BBC ya yi a 2019, cikar shekara hamsin da saukar, mai suna 13 Minutes to the Moon, wanda Kevin Fong ya gabatar. Ya bi mintunan ƙarshe na saukar daki-daki. Na saurari kashi uku a jere. Yanzu na fahimci cewa kwamfutar ba lalacewa ta yi ba, aiki ne ya yi mata yawa, sai ta riƙa zubar da marasa muhimmanci tana riƙe masu muhimmanci, kamar yadda aka tsara ta.

Na kuma leƙa bayan labule. Fodkas ba a wuri ɗaya yake zaune ba. Kowane shiri yana da wani fayil da ake kira RSS, jerin kashi-kashi ne da adireshin sautin kowanne, manhajoji kuma daga nan suke ɗebowa. Shi ya sa shiri ɗaya ke fitowa a manhajoji da yawa. Kalmar kanta a 2004 ta fara bayyana, a wani rubutu na Ben Hammersley a jaridar Guardian. Da ka samu adireshin RSS kana iya sauke sautin kai tsaye. Amma sauƙin saukewa ba izini ba ne: waɗannan shirye-shirye suna da masu su, don ilimina nake saurare, ko daƙiƙa ɗaya ba za ta shiga bidiyona ba.

6 ga Afrilu

Na ji wani bayani a ɗaya daga cikin shirye-shiryen, na manta a wane kashi. Maimakon in sake sauraron awa biyar, na sa Whisper a kwamfutata, manhajar mai da magana rubutu da OpenAI ta saki a 2022. Ta yi dare guda tana aiki, kwamfutar ta yi zafi kamar za ta yi magana, da safe na samu rubutu da lokuta a gefe. Bincike na daƙiƙa biyu ya kai ni wurin. A muryar ɗakin naɗa sauti ta yi ƙoƙari sosai. Da na gwada ta da maganganun rediyon 1969 masu shashshaka, sai ta riƙa tuntuɓe a sunaye da lambobi. Ga waɗannan, rubutun da mutane suka yi da kunnensu ya fi.

A YouTube ma haka: idan bidiyo na da rubutun abin da ake faɗa, buɗe shi ka nemi kalma ya fi jan maɓalli gaba da baya.

10 ga Afrilu

Kuskure na uku, kuma wannan nawa ne ni kaɗai. Don in ji daɗin aiki a manhajar haɗa bidiyo, na sauya wa fayiloli suna zuwa hoto1, hoto2, har 31. A jadawali kuwa da tsofaffin sunayen na rubuta su. Igiyar da ta ɗaure kowane hoto da asalinsa na tsinke da hannuna. Garin gyaran gira.

Na yi fatan bayanan da ke ɓoye cikin fayil, waɗanda ake kira EXIF, za su cece ni. Na buɗe su da manhajar ExifTool. Wasu na ɗauke da lamba da bayani, suka koma gidansu cikin sauƙi. Wasu fanko ne, an kankare komai tun kafin su iso hannuna. Guda 11 sai da na sake bin su ta binciken hoto ɗaya bayan ɗaya, yamma guda cur. Biyu daga cikin na gidan tarihi har yanzu ban gano mai su ba, kuma lasisinsu BY ne, ba zan iya ambatar wanda ban sani ba. Na ajiye su gefe.

Sabon tsarin suna: lambar asali, sai gajeren bayani, sai lasisi, duka a jikin sunan fayil ɗin. Ya yi tsawo, ya yi muni, amma ko jadawalin ya ɓace ba zan rasa hanya ba. Na kuma adana kowane shafin da na ɗauko abu a Wayback Machine, ma'ajiyar shafuka ta Internet Archive, saboda in mai shi ya goge ko ya sauya lasisi gobe, ina da shaidar yadda yake a ranar da na ɗauka.

13 ga Afrilu

Mako shida ke nan, a aikin da na ce biyu. Abin da ke hannu: hoto 29 da aka tantance, bidiyo 7, sauti 9. Awa 73, data gigabait 26.

Saura ƙarar tashin Saturn V, rokar da ta ɗauki kumbon, daga Fulorida. Na samu guda huɗu, amma uku an shimfiɗa musu kiɗa a ƙasa, kiɗan kuma yana da mai shi ko da hoton ba shi da shi. Na huɗun tsaf yake, sai dai ban tabbata na wannan tashin ba ne, tunda rokar ta tashi sau da yawa. Gobe zan gwada shi da muryar mai ƙirgen tashi da ke Apollo in Real Time, in ga ko sun hau juna. In ba su hau ba, zan sa shi in faɗa wa yaran cewa ƙarar irin rokar ce, ba ta ranar ba.

Bayan haka sai naɗar muryata. Ƙanwata ta ce za ta zauna a matsayin 'yar shekara goma ta riƙa tsayar da ni duk inda ba ta gane ba. Na ce mata Laraba.